Bitar Workfrom: manhajar da ta auna gidajen gahawa da ma'aunin mai aiki

Duk wanda sana'arsa ta koma cikin kwamfutar tafi-da-gidanka ya san wata damuwa da ma'aikacin ofis bai cika saninta ba, wato tunanin inda zai zauna yau. Ni aikina fassara ne da gyaran rubutu, waɗanda nake yi wa aikin kuma suna garuruwa daban-daban, saboda haka na shafe shekaru ina neman abu uku a duk inda na sauka: tebur mai tsabta, soket a kusa, da intanet ɗin da ba zai yanke ba ana tsakiyar ganawa ta bidiyo. Gida yana da daɗi, amma gidan da ke da yara da baƙi da masu sallama a ƙofa ba ya barin mutum ya tattara hankalinsa na awa uku a jere. Wannan ne ya sa na daɗe ina bibiyar manhajojin da ke ƙoƙarin haɗa masu aiki daga nesa da gidajen gahawa, kuma a cikinsu wadda na ga ta fi cancanta a tsaya a duba ta da tsanaki ita ce Workfrom.

An kafa Workfrom a shekarar 2014 a Portland, birni mafi girma a jihar Oregon ta Amurka, wanda ya yi suna wajen yawan ƙananan gidajen gahawa masu zaman kansu. Darren Buckner da Jewel Mlnarik ne suka assasa ta. Tsarinta na asali taswira ce da jerin wurare, kuma mambobi ne da kansu suke cika ta: mutum zai zauna a wani gidan gahawa ya yi aikinsa, sannan ya shigar da abin da idonsa ya gani, ya gwada ƙarfin intanet ɗin wurin, ya faɗi ko soket yana da yawa ko kuwa sai an yi rububinsa, ya bayyana irin wurin zama da yawan hayaniya da abin da ake sayarwa na ci da sha. Daga baya jerin ya wuce Portland ya kai birane da dama a wasu ƙasashe, ya kuma haɗa da wuraren aiki na haya.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne yadda masu shi suka gane cewa tambayar mai aiki daban take da ta mai neman wurin shaƙatawa. Manhajojin da aka saba da su, irin su Yelp da taswirar Google, suna tara ra'ayin jama'a su dunƙule shi a cikin taurari biyar, kuma waɗannan taurari galibi suna magana ne a kan ɗanɗanon gahawa, da fara'ar masu hidima, da kyawun ado. Wurin da ya sami taurari huɗu da rabi yana iya zama ɗaki ne ƙarami mai dogayen kujeru marasa majingina, da kiɗa mai ƙara, da soket guda ɗaya tak a bayan kanta. Mai neman gahawa mai kyau zai fita yana yabo, mai fassarar da ke da shafi ashirin a gabansa kuwa ya yi asarar safiyarsa da kuɗin motarsa. Workfrom ta wargaza wannan dunƙulallen yabo ta mayar da shi tambayoyi ƙanana waɗanda kowacce ke da amsa da za a iya gwadawa, kuma a ganina wannan shi ne babban abin da duk mai son tsara irin wannan manhaja ya kamata ya koya daga gare ta.

Batun intanet ya isa misali. Yawancin shaguna suna rubuta a ƙofa cewa akwai waifai kyauta, amma wannan rubutu bai gaya wa mai aiki komai ba. Akwai saurin saukewa, akwai saurin turawa, kuma layukan da ake sa wa shaguna sau da yawa sun fi ƙarfi a na farko. Mai kallon bidiyo saukewa kawai yake bukata, amma wanda zai shiga taro ta Zoom hotonsa da muryarsa ne za su fita, kuma kamfanin da kansa yana ba da shawarar kusan megabit 3 zuwa 4 a daƙiƙa domin hoto mai inganci sosai. Adadin ba shi da yawa, sai dai layi ɗaya ne ake rabawa tsakanin duk wanda ke zaune, ta yadda gwajin da aka yi da ƙarfe tara na safe, shago babu kowa, ba zai yi daidai da abin da za a tarar da ƙarfe ɗaya na rana ba, lokacin da mutum ashirin suka hau layin. Sanya lamba a madadin kalmar "mai kyau" ci gaba ne na gaske, amma lambar tana bukatar a rubuta mata rana da lokaci a gefenta kafin a dogara da ita.

Haka nan batun hayaniya, wanda mutane da yawa suke ɗauka cewa ƙarancinta ne kullum ya fi. A 2012 wasu masu bincike uku, Ravi Mehta da Rui Zhu da Amar Cheema, sun wallafa sakamakon gwaje-gwajen da suka nuna cewa matsakaiciyar hayaniya ta kusan desibel 70 a ma'aunin ƙarfin sauti, irin wadda ake ji a gidan gahawa mai jama'a, ta fi taimaka wa aikin ƙirƙira a kan ta desibel 50, amma idan ta kai desibel 85 sai ta fara cutar da aikin. Wannan ya dace da abin da na sani a jikina. Idan ina rubuta daftari na farko, gunagunin mutanen da ban sani ba yana sa hannuna gudu, amma idan ina tantance lambobi a cikin takardar yarjejeniya, ƙarar injin niƙa gahawa kaɗai ta isa ta sa in maimaita layi sau uku. Manhajar da ta gaya mini matakin hayaniya ta bar ni in zaɓa gwargwadon aikin ranar ta yi mini adalci fiye da wadda ta yanke hukunci a madadina.

Rauni na farko yana tattare da duk wani kundi da aka gina a kan rahoton masu sa kai, kuma Workfrom ba za ta kuɓuta daga gare shi ba. Gidan gahawa abu ne mai saurin canzawa. Ana sayar da shi ga wani, ana sauya kamfanin intanet, ana toshe soket da gangan, ana rage kujeru, wani lokaci ma a rufe shi gaba ɗaya. Mai sa kai kuwa ya fi jin daɗin shigar da sabon wurin da ya gano a kan komawa tsohon wuri domin ya tabbatar da cewa abin da aka rubuta bara yana nan. Sakamakon haka, birnin da mambobi suka yi yawa yakan sami bayani mai rai, wanda suka yi ƙaranci kuwa yakan zauna da wurare uku ko huɗu da wani matafiyi ya shigar shekarun baya. A nan taswirar Google ta fi ƙarfi ta wani gefe, domin tun 2015 take nuna lokutan da wuri ya fi cika, kuma tana samun wannan bayani ne daga wayoyin mutane ba tare da ta jira kowa ya zauna ya rubuta ba. Mai hikima yakan haɗa biyun: ya duba soket da intanet a ɗaya, ya duba cunkoso da lokacin buɗewa a ɗayar.

Rauni na biyu ya fi zurfi, kuma shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ana cewa manhajar tana haɗa ɓangare biyu, amma ma'aunin da ta ginu a kansa na ɓangare ɗaya ne. Kowace tambaya tana duba abin da mai kwamfuta zai samu, alhali mai shagon yana da nasa lissafin da ba ya fitowa a taswira. A ɗauki tebur mai kujera huɗu a wajen ƙarfe goma sha biyu zuwa biyu na rana. Idan mutum ɗaya ya shimfiɗa kwamfuta da littafi da caja a kansa tun safe a kan kofin gahawa guda, mai shagon ya rasa cinikin rukuni biyu ko uku na masu cin abincin rana, kuma kuɗin haya da albashin ma'aikata ba su ragu da ko kwabo ba. Mutane da yawa suna zaton wutar da kwamfuta ke sha ce matsalar, amma lissafi bai nuna haka ba, domin cajar da ke jan wat 60 na tsawon awa huɗu ba ta kai rubu'in yunit ɗaya ba. Abin da mai aiki ke cinyewa shi ne kujera da lokaci. Saboda haka manhajar da ta yi nasara sosai wajen tallata wani ƙaramin shago a matsayin aljannar masu kwamfuta tana iya jawo masa cikar da ba ta kawo riba, har ta kai mai shi ga toshe soket ɗin da aka yaba masa a kai.

Na taɓa zama a wani ƙaramin gidan gahawa da na shiga da ƙafata a wata tafiya, inda aka ajiye 'yar takarda a kan kowane tebur mai cewa ana maraba da kwamfuta har zuwa tsakar rana, sannan daga ƙarfe biyu zuwa rufewa, ban da Asabar da Lahadi. Ban ji an ci mini fuska ba ko kaɗan. Hasali ma ban taɓa yin aiki da kwanciyar hankali a shagon wani kamar ranar ba, domin na san iyakata, ban kuma riƙa satar kallon mai hidima ina tunanin ko zamana ya fara isarsa ba. Wannan 'yar takarda ta ba ni bayanin da ya fi saurin intanet muhimmanci, wato ko ana so na a wurin, kuma zuwa yaushe.

Wannan ciniki tsakanin mai zama da mai wuri tsoho ne. A Landan ta ƙarni na 17, inda aka buɗe gidan gahawa na farko a 1652, kwabo ɗaya mutum yake biya ya sami gahawa da wurin zama da labaran gari, kuma a shagon Edward Lloyd, wanda ya fara aiki a wajajen 1688, 'yan kasuwar jiragen ruwa suke wuni suna ƙulla yarjejeniyar inshora har abin ya zama kasuwar Lloyd's da aka sani a yau. Mai shagon ya san cewa zaman waɗannan mutane shi ne kasuwarsa, har yana tattara musu labarin jirage domin su ci gaba da zuwa. A zamaninmu kuwa an bar sharaɗin a duhu, kowa yana ƙiyasta shi a zuciyarsa. Hatta Starbucks, babban kamfanin gidajen gahawa na Amurka, wanda ya yi shekaru yana tallata shagunansa a matsayin wurin zama tsakanin gida da ofis, ya kuma mayar da waifai kyauta a Amurka tun 2010, ya kasa tsayawa a kan matsayi ɗaya. A 2018, bayan kama wasu baƙaƙen fata biyu a wani shagonsa na Filadelfiya suna jiran abokin hulɗa ba su sayi komai ba, kamfanin ya ce kowa yana iya zama ko bai saya ba. A watan Janairun 2025 ya janye wannan ƙa'ida a Arewacin Amurka. A watan Agustan shekarar kuma reshensa na Koriya ta Kudu ya hana shigo da kwamfutar tebur da na'urar buga takardu da allunan raba wuri, saboda wasu sun mayar da shagunan ofisoshinsu na dindindin. Idan kamfani mai dubban shaguna yana fama da wannan tambaya, ina ga mai shago ɗaya mai tebur takwas.

Akwai waɗanda suka tunkari matsalar daga ɓangaren mai wuri, kuma kwatanta su da Workfrom yana fito da abin da ya rage mata. A Mosko, Ivan Mitin ya buɗe wani shago mai suna Ziferblat a 2011, inda lokaci ake saye, shayi da gahawa da biskit kuwa kyauta ne, kuma lokacin da reshensa ya isa unguwar Shoreditch ta Landan kwabo 3 ake biya a kowane minti. A New York kuma an kafa Spacious a 2016 a kan wata lura mai kaifi, cewa manyan gidajen abinci da yawa ba sa buɗewa sai da yamma, teburansu suna zaune babu kowa tun safe. Kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da su, ya sa intanet da wuraren caji da gahawa, mambobi suna biyan kimanin dala 100 ko sama da haka kaɗan a wata, mai gidan abincin kuma yana samun rabonsa daga awannin da a da ba sa kawo masa komai. A nan babu mai jin nauyin kowa, tunda kowane ɓangare ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa. WeWork, kamfanin da ke ba da hayar wuraren aiki, ya sayi Spacious a watan Agustan 2019, a daidai lokacin da shirinsa na shiga kasuwar hannun jari yake gab da rushewa, kuma kafin shekarar ta fita an rufe shi. Na yi baƙin cikin wannan ƙarshe, domin a cikin duk abin da aka gwada shi ne ya fi kusa da adalci ga kowa, kuma rikicin wanda ya saye shi ne ya tafi da shi tun bai nuna iyakar ƙarfinsa ba.

Ita kanta Workfrom ta gamu da nata gwajin a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe gidajen gahawa a mafi yawan biranen da take da ƙarfi. Da kiɗa ya canza sai ta canza rawa, ta karkata ga ɗakunan aiki na intanet, inda mutane ke haɗuwa a shafi ɗaya mai hoton wuri da sauti mai laushi, kowa yana aikinsa yana ganin sauran a ƙananan tagogin bidiyo. Dabara ce mai kyau ga wanda kaɗaici ya dama, kuma ta tabbatar da cewa masu kamfanin sun fahimci cewa ba intanet kaɗai ke fitar da mutum daga gida ba, akwai bukatar ganin wasu suna aiki a gefensa. Sai dai wannan wata hidima ce daban, wadda ba ta amfani mai gidan gahawa da komai.

Da za a ba ni dama in gyara tsarin, da farkon abin da zan sa a saman shafin kowane shago shi ne maganar mai shi da bakinsa: awannin da yake maraba da masu kwamfuta, teburan da ya ware musu, mafi ƙarancin abin da yake so a saya a cikin awa biyu, da ko ya yarda a yi kiran bidiyo a ciki. Zan sa kowane bayani ya ɗauki ranar da aka tabbatar da shi, ya riƙa dusashewa a ido idan ya wuce wata shida, kuma maimakon a roƙi mamba ya cika dogon fom, a yi masa tambaya ɗaya idan ya tashi fita, misali ko soket ɗin da ke kusa da taga yana aiki. Zan kuma ba mai shago hanyar cewa yau ya cika, ko kuwa yau babu kowa kuma akwai rangwame ga wanda ya zo kafin azahar, domin a wannan gaɓa ce manhajar za ta fara kawo masa ciniki a lokacin da yake bukatarsa. Wani abin da bai kamata a manta ba shi ne gargaɗi a kan tsaron waifai na jama'a, musamman ga mai riƙe da takardun sirrin waɗanda yake yi wa aiki.

Mai karatu a Kano ko Kaduna ko Abuja zai lura cewa jerin tambayoyin an tsara shi ne domin garuruwan da wuta ba ta ɗaukewa. Masu aiki daga nesa suna ƙaruwa a wajenmu, masu rubuta manhaja da masu zane da masu fassara, kuma da yawansu rashin wuta ne ke fitar da su daga gida tun kafin hayaniya. A nan tambayar farko ita ce ko akwai sola ko janareta, kuma ko ana kunna shi da rana idan mutane ba su da yawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, aka kuma kai kuɗin wuta na rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, zuwa naira 225 a kowane yunit a watan Afrilun 2024, sanyaya ɗaki na awa shida ya zama kuɗi mai nauyi, ta yadda mai shago a nan ya fi takwaransa na Portland bukatar a fayyace sharaɗin zama. Sai kuma abubuwan da babu wanda zai tuna da su a Oregon: ko akwai wurin alwala da salla a kusa, ko mace za ta iya zama ita kaɗai da kwamfutarta ba tare da an dame ta ba, da yadda za a yi da watan azumi, lokacin da mai aiki ke son kujera da sanyi da intanet amma ba zai sayi ko ruwa ba har magariba. A wannan wata tsarin biyan lokaci irin na Ziferblat ne kaɗai zai yi wa ɓangarorin biyu daidai.

Ga wanda zai yi tafiya zuwa babban birni a Amurka ko Turai da aiki a jakarsa, ina ba da shawarar ya yi amfani da irin wannan kundi a matsayin matakin farko, domin zai rage masa yawo, ya kuma koya masa abin da ya kamata ya riƙa dubawa. Amma kada ya ɗora muhimmiyar ganawa a kan abin da ya karanta kaɗai, tunda gani ya kori ji. Ya isa wurin da rabin awa a hannunsa, ya gwada layin da kansa, ya tanadi data a wayarsa ko da za a sami tangarɗa, sannan ya tambayi mai hidima kai tsaye ko akwai teburin da suka fi so masu kwamfuta su zauna a kai. Ni dai a nawa aikin nakan sayi wani abu duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu, nakan zaɓi ƙaramin tebur ko da babba yana nan babu kowa, kuma idan na ga mutane sun fara tsayawa da faranti a hannu suna neman wurin zama, nakan naɗe cajata in koma masauki in ƙarasa sauran shafukan a can.